Abin da Rediyon Kawu Ya Kamo

"Iyatu, kafin ki wuce da robar nan, ɗan juya min gorar nan zuwa hagu."

Iyatu ta tsaya a bakin ƙofa da robar amai a hannu, ta juyo ta dube shi. Kawu Muhyiddin yana kwance a katifa, ƙafafunsa sun kumbura har suna sheƙi, leɓɓansa sun tsage, amma idonsa yana kan tsohuwar kwamfutar da aka ɗora masa a kan kujera 'yar tsugunno.

"Yanzu ka gama amayar da kunun da aka sha wahala aka dama maka," ta ce. "Abin da ya dame ka shi ne gora."

"Kaɗan kawai. Ta fuskanci masallaci."

Ta fita tana riƙe numfashi, ta zubar a makewayi, ta cuɗe robar da toka, ta wanke hannu har gwiwa. Sannan ta je gindin gwaiba inda aka ɗaure gorar. Doguwar gora ce, a samanta ƙarafa biyu na tagulla sun buɗe kamar ƙahon sa, wata baƙar waya ta sauko daga can ta shige ta tagar ɗakin. Ta kama ta murɗa, tana tsaki.

Ita dai a ganinta abin kunya ne. Mutum ya haura sittin, likita ya gaya masa a fili cewa ƙodarsa ta gaza, wankin ƙoda kuma ya fi ƙarfin gidan. Wani carbi zai ɗauka ya fuskanci gabas. Shi kuwa Kawu, tsohon malamin gona da ya ƙare ƙuruciyarsa a kan babur tsakanin Adogi da Agyaragu, sai ya sa 'yarsa Zuhra ta yi masa odar wata 'yar na'ura daga Legas. Da aka karɓo ta a tasha aka buɗe kwali, ba ta fi laita girma ba. Ana soka ta a jikin kwamfuta, a haɗa mata eriya, sai kwamfutar ta koma rediyo. Amma ba irin rediyon da aka sani ba, wanda yake tsayawa a tashoshi. Wannan duk abin da yake yawo a iska yana kamowa.

Da farko babu abin da ya kamo sai shuuu. Ya zargi na'urar, ya zargi Zuhra da sayen jabu, daga baya ya gane 'yar eriyar da ta zo a kwalin ce ba ta da amfani a ƙarƙashin rufin kwano. Ya sa aka yanko masa tagulla, ya auna da tef daga kwance, yana cewa wai kowace murya da tsawon ƙarfen da take so. Ranar da aka kafa gorar ya kamo tashoshin Lafia, ya kamo na Makurdi. Ya ji matuƙan jirgin sama suna Turanci da Abuja. Ya ji 'yan sintiri a oba-obarsu, ya yi maza ya matsa gaba, ya ce ba da shi suke ba. A fuskar kwamfutar wani shuɗi ne yake gangarowa kamar ruwa a kan dutse, kowace murya kuma tana fitowa kamar zare rawaya a cikinsa.

"Ba ta magana," ya taɓa gaya wa Iyatu. "Ji kawai take yi."

"Da ka yi koyi da ita," in ji Iyatu.

Ba don shi take shigowa gidan kullum ba, don matarsa Usaina ne. Gidan Kawu bango ɗaya ne da masallacin unguwa, gidan Iyatu yana tsallaken kwata. A gaban gidan Kawu, a kusurwar da ta haɗu da masallacin, akwai rumfar kwano inda Usaina take da injin markaɗe. Fansho ya zo yau ya ɓace sai wani jiƙon. Injin nan shi yake ciyar da gidan, shi yake sayen magani, shi yake riƙe da Zuhra a makarantar koyon aikin jinya. In Usaina ta zauna jinya, injin ya tsaya. Shi ya sa Iyatu ta ɗauki robar amai da wankin zannuwa, ba tare da an roƙe ta ba, ba kuma tare da ta daina ƙorafi ba.

Ta komo ɗakin ta tarar yana murmushi.

"Zauna ki ji wani abu."

An ɗauke wuta tun safe, lasifikar masallaci shiru take. Amma daga kwamfutar sai ga muryar Liman tar, yana tayar da kabbarar la'asar, har ana jin motsin rigarsa da tarin wani a sahun gaba.

"Yaya aka yi haka?"

"Makirfon nan marar waya da Alhaji Hizbullahi ya sayo. Batir gare shi. Ko da wuta ko babu, shi yana ta aikowa, sai dai a rasa mai karɓa. Shekaranjiya na ci karo da shi." Ya lumshe ido. "Ba bin sa nake ba, na san ba a bin liman ta rediyo. Ina jin ƙafafun mutane ne kawai. Rabona da sahu tun kafin damina."

Iyatu ta ajiye robar. Ta zauna a bakin tabarma tana ninke zani. Alhaji Hizbullahi shi ne shugaban kwamitin masallaci. Shi yake maƙala wa Liman makirfon in za a yi salla, ana sallamewa ya cire ya mayar wuyan rigarsa, don shi ne mai sanarwa, kuma mutum ne da ba ya son wani ya riƙe abin da ya saya.

Aka yi sallama. Kawu ya miƙa hannu zai matsar da zaren, sai tari ya turnuƙe shi. Iyatu ta tallabo shi, ta kara masa roba, tana buga bayansa. Tarin bai lafa ba sai da ya jiƙe da gumi. Lokacin da ɗakin ya yi shiru, kwamfutar tana nan tana magana.

"Liman ya tafi?" Muryar Alhaji ce, kusa ƙwarai, kamar yana cikin ɗakin.

"Ya tafi."

Hannun Iyatu ya tsaya a bayan Kawu. Wannan muryar ta biyu ta san ta ko a cikin kasuwar Alhamis. Mijinta ne, Malam Nababa, ma'ajin kwamiti.

"Zauna. Yaya mutumin naka?"

"Matata ce mai shiga. Ta ce ko kunu ba ya zama."

"Ba zai ga watan gobe ba. Na san ciwon nan, shi ya tafi da yayana. To, maganar rumfar ce. In aka rushe ta shago biyu za su fita, a ɗan yi wurin alwala a gefe saboda bakin mutane. Ɗaya Ameer ɗina zai zuba kayan waya. Ɗayan kuma, ba kai kake kukan ɗanka Luqman yana zaman banza ba?"

"Usaina ba za ta sayar ba, Alhaji."

"Wa ya yi maganar saye? Ranar jana'iza zan tashi in ce marigayi ya bar wasiyya, ya ba masallaci gaban gidansa sadaka. Shaidu biyu, ni da kai. Mace tana takaba za ta fito tsakiyar maza ta ce ƙarya ne? Ɗa namiji babu. Kuma wa zai kai masallaci kotu?"

Sai Nababa ya yi dariya, irin 'yar dariyar da yake yi in an ƙara masa nama a miya.

"Ai ko don ƙarar injin nan. Mutum yana salla yana jin ana niƙa masa wake a ka."

Kawu ya ja yatsa a kan kwamfutar, muryoyin suka nutse cikin shuuu. Ya koma ya kwanta yana haki.

"Ban taɓa bari ya wuce sallama ba," ya ce. "Yau tari ya ci amanata. Ba da mu aka yi maganar nan ba, Iyatu."

"Da kai aka yi ta. Da gawarka."

"Kada ki gaya wa Usaina. Abin da take ɗauke da shi ya ishe ta. Ni zan gaya musu da bakina."

Iyatu ta ɗauki robar ta fita. Ta daɗe tana ɗauke da ƙazantar mutumin nan, ba ta taɓa jin ƙyama ba sai ranar. A makewayi ta durƙusa ta yi nata aman a kan nasa.

Washegari bayan azahar suka zo dubiya, su biyun, da ledar lemo. Iyatu tana tsakar gida tana shanya, labulen ɗakin a ɗage. Alhaji ya shigo da babbar riga mai sitaci da ƙamshin turare, ɗan baƙin makirfon yana maƙale a wuyansa kamar kaska. Ya zauna nesa da katifar, yana numfashi ta baki.

"Kawu, ai jikin da sauƙi. Dubi fuska ta washe."

"Alhaji, Malam Nababa, tun da Allah ya kawo ku tare, ku zama shaida." Muryar Kawu a hankali take, amma babu kalmar da ta faɗi ƙasa. "Rumfar injin nan da gaban gidan nan, ban ba kowa ba. Ban yi wasiyya da ko taku ɗaya ba. Na Usaina ne da Zuhra da duk wanda shari'a ta ba."

Nababa ya dubi ƙasa. Alhaji ko gezau.

"Haba, Kawu. Wa yake maganar wasiyya? Kai da za mu yi sallar idi tare. Ciwo ne yake kawo irin wannan tunani."

"Na dai faɗa. Sannan abin wuyanka, Alhaji, in an gama salla ka riƙa cire masa batir. Yana fita waje."

Alhaji ya shafa makirfon, ya dubi kwamfutar da wayoyinta, ya yi dariya har kafaɗarsa tana rawa.

"In an kashe amfilifayar da take kai murya lasifika, ya mutu ke nan. Ni na sayo kayana, da hannuna na gwada a shago. Kai dai ka ji da jikinka, ka bar wasan yaran nan."

Suka yi addu'a doguwa, suka shafa. Da suka fito, Alhaji ya ce wa Iyatu, "Sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da lada. Ciwon ya fara taɓa masa kai, sai haƙuri." Ta ci gaba da matse zani. Lemon nan ta ba yaran da suka kawo markaɗe.

Bayan magariba ta ajiye wa mijinta tuwon dawa da miyar karkashi, ta zauna a gabansa, abin da ba ta saba ba.

"Malam, za ka yi shaidar zur a kan gawa?"

Lomar ta tsaya a hanya. "Wace irin magana ce wannan?"

"Shago biyu. Ɗaya na Ameer, ɗaya na Luqman. Wurin alwala saboda bakin mutane."

Ya dube ta, ya dubi ƙofa. Ta ga tsoro ya gifta a idonsa, ta yi zaton kunya za ta biyo baya. Ba ta biyo ba.

"Laɓe kuka koma yi ke da majinyacin? Kin san hukuncin mai sauraron abin da ba a so ya ji?"

"Na sani. Na mai cin dukiyar marainiya fa?"

"Ɗakin Allah za a gyara."

"Ɗakin Allah ba ya sayar da cajar waya."

"Iyatu." Ya nuna ta da hannun da yake dumu-dumu da miya. "Ɗanki ne zai ci moriya, ba ɗan wata ba. Maganar maza ce. Duk ranar da na ji ta a bakin wata mace, ki haɗa kayanki ki nufi Arikya wajen yayanki."

Ya ci gaba da cin tuwonsa. Ya cinye tas, ya lashe yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ya yi gyatsa ya ce alhamdulillahi. Iyatu tana zaune tana kallo. Ta haifa wa mutumin nan 'ya'ya, ta binne wasu tare da shi, ta wanke rigunan da yake zuwa sahun gaba da su. Ta ɗauki kwanon da yatsu biyu ta kai wajen wanke-wanke.

Ba ta gaya wa kowa ba. Kawu ya hana ta gaya wa Usaina, mijinta ya hana ta gaya wa sauran duniya, maganarta ita kaɗai kuma ba za ta ture ta dattawa biyu masu gemu ba. Sai ta ci gaba da ɗaukar roba.

Kawu ya yi ta raguwa. Ya daina neman jirage, ya daina neman Makurdi. Sallar masallaci kawai yake kamowa, in hannunsa ya gaza ya ce Iyatu ta ja masa, har ta san inda zaren yake, ta san lambobin da ke ƙarƙashinsa ko da ba ta san me suke nufi ba. Ana sallama zai ce, "Matsar." Ta matsar. Daga baya ko sallar ba ya iya bi. Sai ya ce a bar masa shuuu ɗin a hankali, wai yana kama da ruwan sama a gonar ridi.

Ranar da ya rasu, da hantsi ne. Injin yana ta ruri a waje, mata sun yi layi da wake da gero. Iyatu tana goge masa baki da tsumma, sai ya ja numfashi ya sake, bai ƙara ja ba. Ta jira. Ta kira sunansa na yanka, wanda ba ta taɓa kira ba. Sannan ta shafe masa ido, ta ɗaure haɓarsa da ɗankwalinta, ta miƙe masa ƙafafun da suka yi nauyi kamar turmi. Ta rufe kwamfutar.

Ta fita rumfa. Usaina tana tura wake da muciya, hannunta fari fat da ƙullu. Ƙarar ba ta bari a ji magana, don haka Iyatu ba ta yi magana ba. Ta kai hannu ta kashe injin da kanta. Usaina ta ɗago ta dube ta, ta ajiye muciyar.

Kafin azahar gida ya cika da mata. An yi wanka, an yi sutura, maza sun fita da shi ƙofar masallaci. Ɗakin da ya yi jinya shi aka share aka shimfiɗa tabarmi, Usaina tana kusurwa a lulluɓe, Zuhra da ta iso daga makaranta tana gefenta. Akwai Hajiya Juwairiya matar Alhaji da mayafinta mai duwatsu, akwai matar Liman, akwai Iveren, 'yar Tibi mai sayar da doya da ta fi kowa kawo markaɗe. Sauran sun cika tsakar gida har bakin taga.

"Da zan ji sallarsa," Usaina ta ce, ba da kowa take ba. "Lasifikar nan in an tayar da janareto ba a jin komai sai gurnani."

Zuhra ta dubi kwamfutar da aka tura ƙarƙashin tebur. "Ban san inda Baba yake kamowa ba."

"Na sani," in ji Iyatu.

Ta jawo ta, ta buɗe, ta soka 'yar na'urar da ta zame. Shuɗin ya fara gangarowa. Ta ja a hankali har zaren ya zo tsakiya. Muryar Liman ta cika ɗakin, ya ce a daidaita sahu. Kabbara ta farko. Shiru, sai iska da kukan wata akuya can nesa. Ta biyu. Usaina ta sa fuska a cikin mayafi, kafaɗunta suna motsi. Matan da ke tsakar gida suka matso taga. Har aka sallame babu wadda ta yi tari.

Sai aka ji kwaramniyar cire makirfo, sannan Alhaji Hizbullahi ya gyara murya. Wannan kam har ta lasifika ta fito, unguwa duka ta ji. Ya yabi marigayi, ya ce mutum ne mai son masallaci. Ya ce ko a kan gadon ciwo bai manta da lahirarsa ba, ya kira shi da Malam Nababa ya yi wasiyya cewa gaban gidansa, inda rumfa take, ya ba ɗakin Allah sadaka mai gudana.

"Malam Nababa, haka ne?"

"Haka ne."

Maza suka ɗauki kabbara. A cikin ɗaki mata suka shiga cewa Allah ya karɓa, Allah ya sa ya tarar. Usaina ta ɗago kai a hankali.

"Rumfa?" ta ce. "Bai gaya min ba." Ta dubi Zuhra, ta dubi Iyatu. "To da me za mu..." Ba ta ƙarasa ba. Ta mayar da kai ƙasa. "In shi ya faɗa, shi ke nan."

Gurnanin janareto ya mutu, lasifika ta yi ɗif. Aka ji sawun mutane suna tafiya da makara, suna nisa. Zaren rawaya yana nan a kan shuɗin, bai yanke ba. Zuhra ta miƙa hannu za ta rufe kwamfutar.

Iyatu ta riƙe mata wuyan hannu.

Ta san abin da mai kayan zai ce da yana nan. Ta ji shi a kunnenta sarai, kalma ɗaya. Ta san kuma hanyar Arikya, da ɗakin da matar yayanta take ajiye buhunan gyaɗa. Ba ta saki hannun ba.

"Bari su yi gaba, mu bi su a mota," in ji muryar Alhaji. "Ranar nan ba ta tafiyar ƙafa ba ce. Ka ga yadda aka yi kabbara?"

"Alhaji, batirin nan..."

"Kai ma haukan mamacin ya kama ka? Ga amfilifaya can a kashe. Saurara, bayan addu'ar uku magini zai zo ya auna. Injin a ba ta mako ta kwashe. Na gefen titi na Ameer ne, kada Luqman ya ce zai zaɓa."

"Abin da yake damuna, ya faɗa a gabanmu bai bayar ba."

"A gabanmu. Mu ne kuma shaidu. Wa ya rage, matarka?"

"Ita na riga na toshe mata baki."

"To. Shiga mu je, kada a binne ba mu. Ni zan yi addu'ar bakin kabari."

Ƙofar mota ta buɗe ta rufe. Muryoyin suka fara tsinkewa, suka narke, zaren ya dushe ya ɓace.

Babu wadda ta yi salati, babu wadda ta yi kuka. Matar Liman tana kallon tafin hannunta. Wata a taga ta ja ɗanta ta matse a jikinta. Iveren ce ta fara magana, da Hausarta ta kasuwa.

"Hajiya, wannan ba mijinka ne ba? Na wa o. Mutum bai kai rami ba, an raba shago."

Hajiya Juwairiya ta miƙe. Ta fita tsakar gida tana neman takalminta a cikin tarin takalma, ta ɗaga wannan ta ajiye, ta ɗaga wancan, mata sun buɗe mata fili suna kallo. Daga ƙarshe ta tafi da ƙafa ɗaya nata, ɗaya silifas ɗin wani yaro.

Usaina ta dubi Iyatu. "Kin sani?"

"Shi ma ya sani. Ya gaya musu a nan, ina tsakar gida. Ya ce kada a ɗora miki."

Sai a lokacin Iyatu ta saki hannun Zuhra. Yatsunta sun bar shaida a fatar yarinyar.

Kafin maza su dawo daga maƙabarta, matan sun watse gidajensu, kowacce kuma tana da miji ko ɗa ko ƙane da zai ci tuwo a hannunta da yamma. Ba a yi taro ba, ba a kai ƙara ko'ina ba. Ranar addu'ar uku Liman, tsoho mai rawar murya, ya ture makirfon da aka miƙa masa, ya ce da bakinsa wasiyyar da aka ambata an bincika, babu ita, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Alhaji ba ya wurin, an ce wata harka ta kai shi Keffi. Magini bai zo ba.

Nababa kuwa ya tsaya a kan maganarsa, ita kaɗai ce ya iya tsayawa a kai.

"Kin tozarta ni a garin nan."

"Ban ce uffan ba. Bakinka ne."

"Ki tafi Arikya sai na neme ki."

Luqman yana jingine da bango yana latsa waya, bai ɗago ba. Iyatu ta ƙulle zannuwanta da butarta da tabarmar sallarta. Ta fito, ta tsallake kwata, ta shiga gidan Usaina ta ajiye ƙullin a ɗakin da Kawu ya kwanta. Mai takaba tana bukatar mai taya ta zama, Arikya kuma ba za ta gudu ba.

Da safe ta share rumfar. Tun kafin ta gama an fara ajiye bokitai a bakin dakali: na gero, na wake, na jar masara, ƙaton baho na Iveren, har da wani sabon bokiti mai murfi da yarinyar gidan Alhaji ta dire ta juya da sauri. Zuhra ta zuba mai, ta ɗaura bel, suka kama hannun injin su biyu suka juya. Ya yi tari, ya yi hayaƙi, ya kama.

Nababa ya fito daga gida zai je kasuwa. Ya ga layin bokitai ya kai har bakin kwata, ya ga matan da ke tsaye a bayansu. Ya tsaya yana gyara hula. Sannan ya juya ya bi ta lungun baya, inda ake zubar da shara.

Iyatu ta ɗaga bokitin farko ta juye a bakin injin, ta bi shi da ruwa kaɗan-kaɗan. Ƙullun ya fara zubowa fari a cikin baho.